Harsashin da Ba Ya Cin Ƙarfe

Tun farkon kaka Elwood Brandvold ya san goɗiyarsa Opal ba za ta ga ƙarshen hunturu ba, sai dai ya yi ta yi wa kansa ƙarya, irin ƙaryar nan da tsofaffi suka ƙware a kai. Yau ya ce sanyin safiya ne ya riƙe mata ƙafa, gobe ya ce ciyawar bana ce ba ta da kirki. Alhali kuwa tsufa ne kawai. Haƙoranta sun ƙare, sai ta tauna ingirici ta tauna, ta tofar da shi dunƙule-dunƙule. Haƙarƙarinta duk sun fito, idan kuma ta kwanta, tashi sai an yi da gaske. Ran da ya same ta a bayan rumfa tana fafutukar miƙewa har ta gurje gwiwa ta yi jini, ya zagaya mata igiya ya ɗaga ta da taimakon motarsa, ran nan ƙaryar ta ƙare.

Mutanen wajenmu, a nan yammacin Dakota, ba sa barin tsohon doki ya shiga hunturun da ba zai fita ba. Ana gama abin kafin ƙasa ta daskare ta gagari haƙa. Samarin yanzu sukan kira likitan dabbobi ya zo da allurarsa, su kuwa su shige ɗaki su rufe ƙofa, amma Elwood da tsararrakinsa ragwanci suke kiran wannan. A ganinsu wanda ya hau doki tsawon rayuwar dokin, shi zai sallame shi, da hannunsa, da bindigar gidansu. Ba a yi da ta aro. Haka kakansa ya yi, haka babansa ya yi, babu kuma wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili.

Bindigar gidan Brandvold wata tsohuwar libarba ce, irin wadda ake karya ta a tsakiya a zuba harsasai a mayar a rufe. Da ita kakansa ya iso wannan fili tun ba a kafa shinge ko ɗaya ba. Baƙinta ya koɗe ya koma ruwan toka, ƙotarta ta yi santsi saboda hannun mutum uku. Ciwonta ɗaya ne, makullin da ke riƙe ta idan an rufe ya soma saki. In aka girgiza ta kusa da kunne, sai a ji wani ɗan ƙis-ƙis. Wannan ɗan sautin ya hana Elwood sakat shekara da shekaru.

Saboda shi ya daina sayen harsashin kanti. Masu rigar jan ƙarfe, in ji shi, cin cikin bututu suke yi kamar gara, masu ƙarfin albarushi kuma makullin suke ja. Sai ya koma cika nasa da kansa a wani ɗan teburi cikin rumfar kayan aiki. Ya narka dalma zalla mai taushi, ya zuba a abin zubin harsashi, ya auna albarushi kaɗan. Duk shekara in ya ji ƙis-ƙis ɗin nan, sai ya ƙara rage albarushin. Ranar bikin godiya na ƙarshen kaka yakan jera gwangwanaye a kan shinge ya harba 'yan kaɗan, ya wanke bindigar, ya shafe ta da mai, ya naɗe a tsumma ya mayar cikin akwati. Marigayiya matarsa Berniece takan ce da ta samu rabin lallashin da ƙarfen nan ke samu, da ba ta yi furfura da wuri ba. Shi dai burinsa guda ne, ya miƙa ta ga 'yarsa Rhonda lafiya lau, yadda aka miƙa masa.

Ana saura 'yan kwanaki ranar da ya sa zai sallami Opal, ya ɗauki bindigar ya shiga gari wurin Merle Kuchera. Merle ne mai gyaran bindigogi na yankin, kuma tare suka yi makarantar firamare, don haka babu abin da ɗaya bai sani ba na ɗaya. Ya same shi a bayan kanta da tabarau a kan hanci, yana cin burodi da naman gwangwani.

"A'a, yau kuma an fito da amarya shan iska?" in ji Merle da ya ga ƙunshin tsumman. "Me ya same ta? Ta yi atishawa ne cikin akwati?"

"Duba min ita kawai, ka bar surutu. Kai da bakinka ba ya hutawa ko kana ci."

Merle ya goge hannu a wando, ya karya bindigar, ya ɗaga ta wajen taga ya leƙa cikin bututun. Ya rufe, ya girgiza ta kusa da kunnensa mai ji.

"Tana nan yadda take bara. Bara ma tana nan yadda take bara waccan. Kai ne dai kake tsufa, ita ba ta yi. Bikin godiya da saura, me ya kawo ka yanzu?"

"Opal ce," in ji Elwood.

Merle ya ajiye bindigar a hankali. Ya cire tabarau. Ya san goɗiyar tun tana 'yar duƙusa mai harbin iska, kuma yana cikin waɗanda suka fita nema shekarar da guguwar ƙanƙara ta rutsa da Elwood a makiyayar arewa, ita ta kawo shi gida yana rungume da wuyanta bai san inda kansa yake ba.

"Allah sarki," ya ce. "Yaushe?"

"Asabar. Rhonda za ta zo."

"To da wane harsashi?"

"Da nawa mana. Da wane kuma?"

Merle ya juya ya jawo wani ɗan kwalin harsasai daga kan kanta ya tura masa.

"Ɗauki wannan. Dalma ce, babu jan ƙarfe, ba zai ci maka bututu ba. Amma cikakke ne, yadda aka yi bindigar ta ɗauka tun asali. Kyauta na ba ka."

Elwood bai taɓa kwalin ba. "Makullin fa?"

"Harbi ɗaya ne, Elwood."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Za ka rantse makullin ba zai ƙara saki ba?"

Nan ne Merle ya yi kuskuren masu gaskiya. Da ya ce i, da magana ta ƙare. Amma mutum ne da bai iya ƙarya a kan ƙarfe ba.

"Rantsuwa kam ba zan yi ba. Ƙarfen ya haura shekara ɗari. Mai yiwuwa ya ɗan ƙara motsi, mai yiwuwa ko gezau. Ni dai na fi zaton ba abin da zai same ta."

"Ka fi zato," in ji Elwood, ya tura kwalin ya koma. "Da zato zan miƙa wa yarinya gadon kakanta?"

"To karɓi tawa. Ga ta can a aljihun tebur, sabuwa ce, ba ta san wani ƙis-ƙis ba. Ka yi abin da za ka yi ka dawo min da ita, ba wanda zai ji a bakina."

"Da bindigar aro? Ni? Gara ma in kira likita in shige ƙarƙashin gado. Dawakin gidanmu duka da wannan aka sallame su. Na tsaya ina yaro na ga Baba ya yi wa Duke, harbi ɗaya, kafin ƙarar ta mutu dokin yana ƙasa."

"Babanka da cikakken harsashi ya yi, tsoho. Naka fa na gwangwani ne. Na ga harbinka bara, gwangwanin ma sai da ya yi shawara kafin ya faɗi."

"Dalma dalma ce. Kusa zan tsaya, ba daga ƙetaren kogi ba."

"Goshin doki ba gwangwani ba ne, balle tsohuwa mai ƙashi kamar dutse. Ka ji abin da nake gaya maka."

"Na ji. Ka iya gyaran bindiga, ban musa ba. Amma doki nawa ka taɓa sallama, kai da ko jaki ba ka da shi?"

Merle ya mayar da tabarau, ya naɗe bindigar cikin tsummanta da kansa ya miƙa masa. Har Elwood ya kai ƙofa ya ji shi yana cewa, "Kwalin yana nan har Juma'a da yamma, in taurin kan ya sauka." Taurin kan bai sauka ba. A gidan Brandvold ba ya sauka, gadonsa ake yi tare da bindigar.

Ba wai maganar ba ta shige shi ba ne. Ta shige shi sosai. Ranar Juma'a da rana, bayan maƙwabcinsa ya zo da motar haƙa ya yi rami a kan tudun yamma ya tafi, ko kofi bai tsaya sha ba don ya san ba ranar hira ba ce, Elwood ya shiga rumfa ya zauna a teburinsa. Ya ɗauki kwanson harsashi guda. Ya auna albarushi yadda ya saba, ya duba, ya ga ɗan kaɗan ne ƙwarai a gindin ma'aunin. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har ya kai inda yake tuna babansa yana kaiwa. Ya daɗe yana kallon ma'aunin. Daga inda yake zaune yana jin Opal a bayan bango tana fama da ingirici.

Sai hannunsa ya kai ga bindigar, don hannun ya saba. Ya ɗaga ta ya girgiza kusa da kunne. Ƙis-ƙis. Ya hango kansa yana miƙa wa Rhonda bindiga mai lilo, wadda ba ta rufuwa, ya ce mata ga abin da mutum uku suka adana, ni na huɗu na kashe. A ƙidayarsa har da kansa yake sawa sau biyu, don ya fi kowa wahala a kanta. Ya karkata ma'aunin ya mayar da ƙarin cikin gwangwaninsa. Ya ce wa kansa ai kusa zai tsaya. Ya cika guda biyar irin na kullum, ya zaɓi dalmar da ta fi kyau da sheƙi, ya goge kowanne da tsumma, kamar kyan harsashi ne zai yi aikin.

Rhonda ta iso Asabar da hantsi, ta yi doguwar tafiya daga garin da take aikin jinya. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, ta biyo uwarta. Ta wuce wurin goɗiyar kai tsaye, ta rungume wuyanta ta daɗe, don a bayan Opal ta koyi kama linzami. Da ta dawo idanunta sun yi ja.

"Baba, ka tabbata za ka iya? Hannunka na rawa kwanan nan, na lura. In kana so in kira likita, ba wanda zai ce komai."

"Ni zan ce. Shiga ciki ki ɗora kofi."

"In raka ka?"

"Ba a rakiya. Kin sani."

Ta sani. Ta shiga kicin ta ja ƙofa.

Ya jiƙa wa Opal hatsi da ruwan ɗumi ya kwaɓa da maɗi, ya goga mata tuffa a kai don ba ta iya cizo. Ta cinye tas, ta lashe bokitin. Ya taje mata geza da wutsiya, ya share mata baya inda sirdi ya bar farin tabo. Yana yi yana yi mata magana, maganar banza, ta shanu da farashin ciyawa da rashin kunyar Merle. Sannan ya sa mata ragama suka kama hanyar tudu. Tafiyar da a da take yi da sukuwa kafin ya gama gyara hula, yau sai da suka tsaya hutawa sau da yawa, kuma ba ita kaɗai ke bukatar hutun ba.

Rana ta fito sarai, iska ta kwanta, abin da ba ta cika yi ba a wajenmu. Ya tsayar da ita a bakin ramin. Ta leƙa ciki, ta hura hanci, ta juyo tana shinshinar aljihunsa ko akwai saura. Ya shafa goshinta, ya ce, "To, tsohuwa. Kin yi aikinki. Na gode." Ya saki ragamar, ya ja baya kaɗan, ya ɗaga bindigar. Hannunsa bai yi rawa ba. Ya sa ta daidai inda babansa ya nuna masa, ya ja kunama.

Ƙarar ba ta da girma, kamar an yar da katako a kan siminti. Opal ta durƙusa a kan gwiwoyinta na gaba. Elwood ya jira ta kife. Ba ta kife ba. Ta yi wani nishi da bai taɓa ji daga bakin doki ba, ta girgiza kai, jini ya gangaro ya rufe mata ido ɗaya. Sai ga ta tana kokawar tashi, ita da kwana da kwanaki ba ta iya miƙewa sai da igiya. Ta miƙe.

Da ta gudu, da ya fi masa sauƙi. Amma ba ta taɓa gudunsa ba. Duk tsawon zamansu, in wayar shinge ta yanke ta, in ƙaya ta shiga kofato, in ƙudan doki ya addabe ta, wurinsa take zuwa ta tura kanta a ƙirjinsa ta tsaya, shi kuwa ya duba ya gyara. Yanzu ma abin da ta yi ke nan. Ta tako tana tangaɗi, ta kifa goshinta a rigarsa, ta jingina da dukkan nauyinta, jikinta na kyarma, tana jira.

"Ja baya," ya ce. "Opal, ja baya. Don Allah ja baya."

Ba ta ja ba. Ya tura ta da kafaɗa, ta ƙara matsowa. Babu yadda zai ɗaga bindigar tana manne da shi haka. Ya kama ragamar ya ja gefe, ta dawo. Jininta ya jiƙa masa riga har ya ji ɗuminsa a fata. Elwood bai taɓa dukan goɗiyar nan ba, ko da tsumagiya, abin alfaharinsa ne da yake faɗa a gaban mutane. Ran nan ya dunƙule hannu ya naushe ta a hanci da iyakar ƙarfinsa. Ta ja da baya, ta ɗaga kai ta dube shi da idon da ya rage. A cikin wannan kallon ya sake harbi. Ta faɗi a gefenta tana shure-shure, sai da ya durƙusa ya ƙara na uku kafin ta yi shiru.

Tudun ya yi tsit. Yana durƙushe a wurin, ya ga hannuwansa suna wani aiki ba da izininsa ba. Sun karya bindigar, sun zubar da kwansayen, sun rufe ta, sun ɗaga ta zuwa kunnensa sun girgiza. Ƙis-ƙis, daidai yadda take da safe, ko kaɗan bai ƙaru ba. Bai ko rufe wa goɗiyar ido ba tukuna. Da ya gane abin da ya yi, sai kunya ta kama shi, irin wadda ba ta bukatar kowa ya gani. Ya zauna a ƙasa kusa da kanta ya yi kuka, kukan tsoho mara sauti, har inuwar tulin ƙasar ramin ta matsa daga inda take.

Da ya sauko, Rhonda na tsaye a tsakiyar kicin. Kofin da ta zuba masa ya huce. Ta dubi rigarsa, ta dubi fuskarsa. A gidan nan ta girma, ta san harbi nawa ake ji daga tudu in abu ya tafi daidai.

"Baba," ta ce a hankali, "uku na ji."

Ya ajiye bindigar a kan tebur, ba tsumma, ba mai, ya tura ta gabanta.

"Ga ta nan. Taki ce. Lafiyarta ƙalau, makullin ko motsi bai ƙara ba. Na adana miki ita."

Rhonda ba ta kai hannu ba. Ta jawo kujera ta zaunar da shi, ta ɗauko tawul ta jiƙa, ta durƙusa tana goge masa hannun da ya kumbura. Ba ta tambaye shi abin da ya kumbura shi ba. Shi kuwa yana ta kallon bango, har ta gama da wannan hannun ta kama ɗayan.

"Wurina ta zo, Rhonda," ya ce. "Bayan na farkon. Ta ɗauka wani abu ne ya ji mata ciwo, ta zo in gyara mata."